Zoben Hajiya a Farin Ɗaki

Ɗakin da ke bayan gidanmu da can shirgi muke zubawa a ciki: tsofaffin bokitan fenti, da tsani mai karyayyen taki, da keken ɗinkin da ya daina aiki. Da Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ta bar shagon da take ɗaukar hoton fasfo, sai ta roƙe ni in ba ta ɗakin ta mai da shi wurin aikinta. Ta ce ita hoton kaya take so ta riƙa ɗauka, agogo da turare da sarƙa, irin wanda masu shaguna ke sawa a talla. Na ba ta, amma hankalina bai kwanta ba. Ni mai fenti ne, aikin da na sani shi ne wanda ake zuwa har gida a kira ka. Nata kuwa, watanni suka shuɗe ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai wata mai haɗa sabulu.

Yarinyar ta rage magana, ta rage cin abinci. In na tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Ni kuma in mutum ya ce mini lafiya lau da irin wannan murya, barci ya ƙare mini ke nan.

Wata safiya tana wanke kofuna ta ce, "Baba, wata Hajiya mai shagon gwal ta yarda ta gwada ni. Zobe ɗaya za ta kawo, mai lu'ulu'u. In hoton ya yi mata, za ta ba ni kayan shagon gaba ɗaya. In bai yi ba, za ta kai wa manyan masu hoto na cikin gari."

"In sha Allahu zai yi."

"In bai yi ba zan sayar da kyamarar in koma fasfo."

Ta faɗa ba ta ko juyo ba. Ni ne na fi kowa son ta koma fasfon nan tun farko, amma da na ji daga bakinta sai na ga ba haka nake so ba.

Ana saura 'yan kwanaki Hajiya ta zo, Auta ta tafi gidan yayarta da ke aure a wani gari, don ta aro wani gilashin kyamara wurin mijin yayar, irin wanda ke jawo ƙaramin abu ya zama babba. Tana fita na ɗauki makullin ɗakin na shiga. Ban taɓa shiga ba tun da na ba ta, ko leƙawa ba na yi. Abin da na gani ya tayar mini da hankali. Bango biyu ta shafe da baƙin fenti, har da silin, shafa irin ta wanda bai taɓa riƙe burushi ba. Wurin ya koma kamar kicin ɗin da gobara ta lasa. A jikin bango ga baƙaƙen kwalaye an yayyanka, wasu dogaye, wasu 'yan firit, an jingine su barkatai.

Na tsaya ina tunanin matar da ke wuni cikin gwal da madubai, ta shigo nan ta zauna. Ai tun daga ƙofa za ta raina mu. Ba ni da abin da zan taimaka wa Auta da shi a harkar kyamara, amma bango dai nawa ne. Ina da ragowar farin fentin mai, mai ƙyalli, da ya saura daga wani aiki.

Mamanta ta same ni ina dama shi. Ta ce, "Malam, ka tambaye ta?"

"Ana tambayar mutum ne kafin a yi masa kyauta?"

"To. Ni dai ban gani ba, ban ji ba."

Baƙi yana shan fari. Shafa ta farko ya fito toka-toka, ta biyu ma bai gama ɓuya ba, sai a ta uku ɗakin ya miƙa wuya. Kwalayen nan na shimfiɗa su a ƙasa suka tare mini ɗigon fenti, da na gama na tattara su na ba mai kwasar shara. Na kuma ɗaura dogayen ƙwayayen lantarki biyu a silin. Da na kunna su, har fuskata nake gani a bango. Ban taɓa yi wa wani attajiri aiki mai kyan wannan ba.

Motar su Auta ta lalace a hanya, ba ta iso ba sai ranar da Hajiya za ta zo, rana ta riga ta take. Ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta wuce ɗakin kai tsaye, ina biye da ita ina danne murmushi. Ta buɗe ƙofa. Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye.

"Baba, ina kwalayena?"

"Waɗancan baƙaƙen? Ai sun ɓaci da fenti, na zubar."

Ta sauke jakar a hankali kamar akwai ƙwai a ciki. Ta ɗaga kai ta dubi silin, ta dubi bango, ta sa yatsa ta shafa. Ta ce, "Ya yi kyau, Baba. Ko layin burushi ɗaya babu." Sai ta zauna a ƙasa, ta dafe kai da hannu biyu.

Kafin in tambayi abin da ya faru, muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Hajiya gajeriya ce, mai jiki, da tabarau rataye a wuya. Mace mai sayar da zobba, amma yatsunta ko zare babu. Ta shigo ɗakin tana ƙifta ido, ta ja hanci.

"Nan asibiti ne ko ɗakin hoto?"

Na ce, "Ni na yi fentin, Hajiya."

"Ka iya aikinka, Malam. Idona har ruwa yake yi."

Aka ba ta kujera. Ta buɗe jaka, ta ciro ƙaramar jaka, daga cikin ƙaramar ta ciro ƙullin hankici, daga cikin hankicin ɗan akwati. Ta buɗe shi a kan cinyarta. Gaskiya da na hango shi daga inda nake tsaye a bakin ƙofa, raina ya ɗan yi sanyi. Dutsen bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ce a zuciyata, a kan wannan ɗan abin ne yarinyata ta rame?

Auta ta wanke fuska, ta dawo kamar ba ita ce ta zauna a ƙasa ba. Ta sa farar safar hannu, ta karɓi zoben, ta goge shi da wani lallausan ƙyalle, ta hura masa iska da 'yar roba mai kama da albasa. Ta ce ƙurar da ido ba ya gani, a hoto kamar tsakuwa take fitowa. Ta ajiye farantin gilashi a kan tebur, ta manna ɗan kakin zuma kamar kan ashana, ta dasa zoben a kai ya tsaya da ƙafarsa, ya ɗan karkata kamar mutumin da aka kira sunansa ya juyo. Ta sauke kyamarar a kan ƙafafunta uku har idonta ya zo daidai da tebur.

Hajiya ta leƙa allon kwamfuta, inda duk abin da kyamara ke gani yake fitowa. Ta ce, "'Yata, ya na gan shi a gefe? Sa shi a tsakiya mana, ya cika wurin."

"In ya cika wurin, Hajiya, ido ba shi da inda zai huta. Nan gefen da na bari, nan sunan shagonki zai zauna. Kuma daga ƙasa nake kallonsa don ya yi tsayi, mai kallo ya ɗaga masa kai."

"Ke kika sani. Ni dai dutsena nake so ya yi magana."

Abu na farko da Auta ta yi bayan nan shi ne kashe sababbin ƙwayayen lantarkina. Ta kunna fitilarta guda, ta tare ta da farin yadi, hasken ya ratso a tausashe daga gefe. Ta danna. Hoton ya fito a allo.

Gwal ɗin ya yi kyau, rawaya mai ɗumi, da inuwarsa a kwance cikin gilashi. Amma dutsen fari fat, ba ciki ba waje, kamar gutsuren ƙanƙara da aka manta a faranti.

Hajiya ta sa tabarau. "Wannan ai irin na roba ne da yara ke saya a bakin makaranta."

Auta ta matsar da fitila, ta danna. Ta ɗaga ta, ta danna. Ta mai da ita baya. Duk ɗaya.

Na kasa haƙuri, na ce, "Auta, ko hasken ne bai isa ba? In kunna na sama?"

Ta juyo ta dube ni, kuma ba fushi a fuskarta, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta ce, "Baba, lu'ulu'u ba shi da haske nasa na kansa. An yanka shi fuska-fuska, kowace fuska madubi ce. Abin da ke cikin ɗaki shi yake ɗauka ya nuna maka. In wata fuskar ta ga fari, ta kusa da ita ta ga baƙi, sai ido ya ga yankan, ya ga zurfin. In duk inda ya juya fari yake gani, to fari zai ba ka."

Na dubi bangon nan nawa mai shafa uku.

Hajiya ta ce, "Wato Malam ya yi wa dutsena fenti ba tare da ya taɓa shi ba."

Ba wanda ya yi dariya sai Maman Auta, da ke tsaye a bayana da tiren ruwa. Ita ma ta haɗiye ta da sauri.

Auta ta ce, "Mama, duk wani baƙin abu da ke gidan nan a kawo mini."

Muka bazu. Mamanta ta kawo baƙin mayafinta da siket, na kawo wandona na zuwa biki da lema da akwatin rediyo. Har kaskon suya aka kawo, saboda baƙin bayansa. Auta ta rataye mayafin a jikin kujera ta hagu, ta jingine rediyon ta dama, ta naɗa wandona a jikin sandar tsintsiya ta kafa a baya. Duk abin da ta matsar da faɗin yatsa, sai wani abu ya canza a allo. Ina kallo gefen dutsen ya fara farkawa, wasu siraran layuka suka fito kamar an ja su da reza. Amma babbar fuskar sama, wadda ita ido ke fara faɗawa a kai, tana nan fari fat. Silin ɗina take kallo, shi kuma yana ƙyalli iya ƙarfinsa.

Aka buɗe lema a saman teburin. Dutsen gaba ɗaya ya mutu, ya koma baƙi kamar gawayi. Aka rufe. Mamanta ta riƙe kaskon a sama, hannunta ya gaji ya karkata, baƙin tukunya ya zubo a kan gilashi, kaɗan ya rage ya sauka a kan zoben.

Hajiya ta ce, "A'a. Toka kuma? Baiwar Allah, mai da kaskonki kicin."

Auta ta sake gogewa, ta sake hurawa, ta sake gwadawa. Hasken taga ya fara yin ja. Hajiya ta dubi wayarta sau ɗaya, ta sake dubawa. Daga nan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta buɗe ɗan akwatin.

"'Yata, kin yi ƙoƙari."

Na san wannan magana. Masu gida sun sha faɗa mini ita a bakin ƙofa, kuma duk wanda ya faɗa bai sake kirana ba. Auta ba ta yi musu ba. Ta tsaya kawai, hannunta ɗaya a kan kyamarar, tana shafa ta da babban yatsa.

Ban san abin da ya tura ni ba. Na ce, "Hajiya, a yi mini alfarma in dube shi sau ɗaya kafin a rufe. Ban taɓa ganin irinsa kusa ba."

"Duba, Malam. Amma da ido."

Na mai da hannuwana baya na harɗe, na matso, na sunkuya a kan teburin, da baƙar hular saƙa da nake aiki da ita a kaina.

"Baba."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun kada tsuntsu ya tashi.

"Kada ka motsa. Don Allah kada ka motsa. Ɗan sunkuya kaɗan. Ya yi yawa, dawo. Nan. Tsaya nan."

"Me na yi kuma?"

"Kada ka yi magana, haɓarka tana motsi. Hajiya, zo ki gani."

Na ji takun Hajiya ta zagaya wajen allon. Na ji kujera ta yi ƙara, alamar ta koma ta zauna. Ni kuwa ba na ganin allon, ba na ganin kowa. Abin da ke gabana kawai dutsen.

Auta ta ce, "Lema ta yi masa girma, kasko ya yi kaɗan. Kan Baba da kafaɗunsa sun tare silin daidai, sun bar haske yana shigowa ta gefen kunnuwansa. In ya tashi ba zan sake samun wurin nan yau ba. Baba, ba hoto ɗaya ba ne. Gilashin nan ɗan wuri kaɗan yake kamawa sarai, sauran ya dushe. Zan ɗauki gaban zoben, in matsa kaɗan in ɗauka, in matsa in ɗauka, har in kai baya, sannan kwamfuta ta haɗe su. In ka motsa a tsakiya, sai mun koma farko. Za ka iya?"

Na ce "Uhm" ta hanci.

"Kuma kada ka yi numfashi a kansa, zai yi gumi. Ta gefen baki."

Mamanta ta ce, "Mutumin da ko a layin asibiti ba ya iya zama, yau ga shi an dasa shi."

"Mama, zo ke ma da aikinki."

Na ji tana yaga kwalin shayi, ta ce a ba ta allura. Ta huda kwalin, ta ɗora a bakin tocila, ta ba mamanta, ta kai ta can kusurwar ɗaki ta ɗaga mata hannu. Ta ce haske mai taushi shi ke nuna siffar dutse, amma wutar da ke cikinsa ba ta tashi sai da ɗan tsinin haske mai kaifi, daga nesa. Ta rufe taga, ta ce, "Kunna."

Ni dai na yi shekaru ina haɗa launi. Na san in kana son kore sai ka zuba shuɗi a kan rawaya, na san ja yana cin kowane launi in ka sake masa. Duk launin da na taɓa gani, daga gwangwani ya fito, ko daga wani abu da aka shafa ko aka rina. Abin da ya tashi a cikin dutsen nan ba daga ko'ina ya fito ba. Dutsen fari ne kamar ruwa, hasken tocila fari ne, amma ga ja, ga shuɗi, ga wani kore da ban taɓa samu a gwangwani ba, ga ruwan lemo yana kunnuwa yana mutuwa duk lokacin da hannun Maman Auta ya ɗan girgiza. Ba a saman dutsen suke ba. Suna can ciki, nesa.

Nisan ne ya fi ɗaure mini kai. Abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, amma ina kallon cikinsa kamar na leƙa rijiya. Ɗaki ne a cikin ɗaki, kowanne da ƙofarsa, kowace ƙofa ta buɗe ga wani ɗakin, bangayensu a miƙe sambal, ba hannun magini da zai iya fitar da irin wannan kusurwa. Wasu ɗakunan da haske, wasu da duhu, kuma duhun ne ya sa na san akwai ɗakunan. Na tuna an ce a ƙarƙashin ƙasa ake tono shi, can inda rana ba ta taɓa shiga ba. Abin da ya kwanta cikin duhu tun kafin a haifi kakan kakana, shi ne ya san abin da zai yi da haske fiye da duk wani abu da na sani. Bakina ya so ya yi tasbihi, na tuna an hana ni motsa haɓa, sai na yi a zuci.

Kyamara tana ta yin ƙyas, shiru, ƙyas. Auta ba ta taɓa ta da hannu, da wata 'yar igiya take dannawa don kada ta girgiza. Wata babbar mota ta wuce a titi, gilashin taga ya yi rawa, ta dakata har ƙarar ta ɓace, sannan ta ci gaba.

Bayana ya fara magana. Ciwon da faɗowa daga tsani ta bar mini ya taso daga ƙugu ya hau har wuya. Cinyoyina suka fara rawa, na matse su. Gumi ya taru a goshina, ya gangaro ya tsaya a kan hancina, daidai saman zoben. Ina ganinsa da ido biyu, yana ƙara nauyi. Sai ga wani hannu ya zo ta gefe da hankici, a hankali, ya ɗauke shi. Hannun ba zobe.

Hajiya ta ce a kunnena, "Riƙe, Malam. An kusa."

Daga wutsiyar ido na hango bangon da ke gabana. Ɗige-ɗigen bakan gizo sun watsu a kansa, ƙanana kamar ƙwayar gero, sun hau har silin, suna rawa tare da hannun matata. Na ji ta ce, "Ikon Allah," a hankali, ba da muryar tsokana ba.

"Mama, hannunki."

"Na riƙe."

Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Na dai san akwai inda na kai na daina jin bayan, na daina tunanin Hajiya da fasfo da kwalayen da na zubar. Ni da kullum zuciyata ke gaba da ni tana leƙen abin da zai lalace, na samu kaina ba na jiran komai. Ina kallo kawai.

"Shi ke nan, Baba. Tashi."

Na yi niyyar tashi, bayan ya ƙi. Na dafa gefen tebur, Auta ta ce, "Ba teburin ba," na saki, na dafa gwiwa, na ja da baya a sunkuye kamar mai neman allura. A haka na zagayo wajen allon.

Kwamfuta ta ɗan yi nazari, sannan hoton ya sauko daga sama zuwa ƙasa.

Zoben yana tsaye a gefen dama, ya yi tsayi kamar gini, inuwarsa a ƙarƙashinsa. Tun daga ƙusoshin gwal da suka riƙe dutsen har zuwa bayan zoben, komai ya fito sarai. Dutsen kuwa, a tsakiyarsa wani tauraro ya buɗe, an jera fari da baƙi, fari da baƙi, kamar kibau masu kai waje, kuma a tsakaninsu ga tartsatsin ja da shuɗi da kore. Abin da na gani da idona ne, amma an tsayar da shi cak, an mai da shi girman faranti.

Hajiya ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Dutsen nan ya daɗe a hannuna," in ji ta. "Na auna shi, na juya shi, na yi cinikinsa da mutane iri-iri. Ban taɓa shiga cikinsa ba sai yau." Ta nuna ɗaya daga cikin baƙaƙen kibau da farce. "Wannan fa, mene ne?"

Auta ta jawo wurin ya ƙara girma. "Baba ne. Nan hularsa, nan kafaɗarsa. Wannan ma shi ne, da wannan, da wannan. Kowace fuska ta ɗauki nata."

Na duba. Ba ido, ba hanci, amma na gane tudun hular nan da gangaren kafaɗar da ta fi ɗaya sauka. Ga ni nan an raba ni, an jera ni a zagaye, a cikin abin da ko taɓa shi ban isa in yi ba.

Hajiya ta ce, "Wato in na sa wannan a talla, duk gari za su ga mai fenti zaune a cikin zobena."

"Ba wanda zai gane shi, Hajiya."

"Ni na gane shi."

Ta miƙa hannu. Auta ta cire zoben daga kan kakin, ta goge, ta ba ta. Ta sa shi a akwati, akwatin a hankici, hankicin a ƙaramar jaka, ƙaramar a babba. Ta ja zif. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta nufi ƙofa, mu uku muna kallon bayanta, ni a sunkuye.

A bakin ƙofa ta tsaya ta ciro waya. Muna ji ta ce, "Ku rufe shagon, ba zan dawo ba yau. Gobe da safe ku haɗa mini tiren sama gaba ɗaya, da sarƙoƙin da 'yan kunnen. E, duka. Akwai inda za mu kai su."

Ta kashe wayar, ta juyo wajen Auta. "Ki buɗe tagar nan ta kwana a haka, warin fentin babanki zai kashe ni. Ki kuma nemo baƙin kwalinki, ba kullum za a riƙa dasa dattijo ba." Ta dube ni daga sama zuwa ƙasa, ko da yake a yadda nake ba nisa tsakaninsu. "Kai kuma Malam, a shafa wa bayan nan magani. In kwalin bai yi ba, 'yan kunne biyu-biyu suke zuwa, sau biyu za ka sunkuya."

Muka ji tashin motar, muka ji ta sha kwana.

Maman Auta ta kashe tocila, ta zo ta kama ni ta hagu, Auta ta kama ni ta dama, suka ja ni zuwa kujerar da Hajiya ta tashi a kai. Suna zaunar da ni bayan ya yi wata ƙara, na ce wash. Mamanta ta tafi ɗora ruwan zafi tana cewa gobe sai ta nemi ladan riƙe tocila.

Auta ba ta sake ni ba. Ta durƙusa a gefen kujerar, ta riƙe damtsena da hannu biyu, idonta a kan allon. Na ɗora hannuna a kan nata, mai busasshen farin fenti a bakin farce, muka zauna muna kallon dutsen.